Jan Fensir a Kan Rijiyar Tsamiya

Cikin bazarar 1975 aka turo Kyaftin Sama'ilu gida da aiki, karo na farko tun shigarsa soja. Ɗan Babura ne. Ya yi yaƙin basasa yana ƙaramin hafsa, ya dawo da tabo a cinyar hagu, kuma manyansa sun san shi da cewa ba ya musu da oda. An haɗa shi da wata 'yar tawaga ƙarƙashin Manjo Nicodemus, mutumin ƙasar Jos, dogo, mai sanyin magana, wanda in yana Hausa sai ka rantse a Fagge aka haife shi. Suka sauka a wani gidan gwamnati da ke gindin duwatsun Kazaure.

Sai da suka sauke kaya sannan Manjo ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya danne kusurwoyinta da kofunan shayi, ya kira Sama'ilu shi kaɗai.

"Aikinmu shi ne mu ɗauka Nijar ta zama abokiyar gaba," in ji shi. "Mu rubuta yadda za a tare ta daga nan."

Sama'ilu ya yi dariya, yana tsammanin wasa ne. "Nijar, Yallaɓai? Bara fa da motocinmu aka kai musu hatsi."

"Ba wanda ya ce za a yi yaƙi. Ni ma ina da abokai a sojansu, mun yi kwas tare. Amma duk rundunar da ta san aikinta tana ajiye irin wannan shiri, har a kan aminanta. Bara mutanen Yamai sun kwanta da gwamnati ɗaya, sun tashi da wata. Gobe wata ƙasa mai ƙarfi tana iya sauke sojojinta a Damagaram ba tare da ta tambayi kowa ba. Ka manta yadda muka shiga namu yaƙin? Da taswirar 'yan makaranta a hannu?"

Sama'ilu bai manta ba. Ya rasa sojojin da ke ƙarƙashinsa a bakin wani kogi saboda taswira ta nuna gada a inda babu ita. Ya daina dariya.

Manjo ya bi masa abin da ake so. A duba hanyoyin da za su ɗauki manyan motoci, da inda rairayi zai riƙe su. A duba duwatsun Kazaure da na Roni, wanne ne zai ɓoye manyan bindigogi. Sai ya zo kan sashen da wani Kanar a hedikwata ya ƙara da hannunsa. Duk rijiyar da ke kusa da iyaka a auna ta, a zagaye ta da jan fensir, a rubuta yawan nakiyar da za ta rufta da ita, domin kada abokin gaba ya sami ruwa in ya shigo. Haka kuma a ƙiyasta mutanen da aka haifa a tsallake, ko masu dangi na kusa a can, waɗanda za a kwashe zuwa sansani a bayan Roni.

"Shi ya sa aka zaɓo ka," in ji Manjo. "Ka san ƙasar, kana jin Fulatanci. In mutane sun tambaya, safiyo muke yi. Kada ka ƙara komai a kai."

Sama'ilu ya dubi layin iyaka a taswirar. Mahaifiyarsa a wata ruga kusa da Magarya aka haife ta, tana yarinya iyayenta suka tsallako da shanu. Amma ya ce wa ransa takarda ce kawai, za a kulle ta a akwatin ƙarfe, gara ta cinye. Ya ƙame ya ce, "To, Yallaɓai."

Aikin Roni da Gwiwa ya yi masa daɗi. Suna fita da sassafe a motar soja, su hau dutse da kamfas da madubin hangen nesa, su yi gardama a kan ko tankar yaƙi za ta iya bin wani kwari. A nan ya gane Manjo gwani ne, kuma mutum ne da ba ya cin abinci sai yaransa sun ci. Rijiyoyin wancan ɓangaren sun yi nisa da iyaka, ba a nemi a taɓa su ba.

Kafin su isa Babura labarinsu ya riga su. Farin da aka yi ya cinye rabin shanun ƙasar, rijiyoyi da yawa sun ƙafe, ga rediyo kullum tana maganar kuɗin mai. Da mutane suka ga sojoji da ƙarfen awo da igiya, sai suka haɗa wa kansu zance: gwamnati za ta haƙa burtsatse a iyaka. Ba wanda ya gaya musu haka, ba kuma wanda ya ƙaryata.

Sama'ilu ya je gaida mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inno. Shi ne ɗan farinta, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma kallonsa ido cikin ido. Ta turo masa ƙwaryar fura da nono, tana duban bango ta ce, "An ce ruwa aka zo kawo mana."

"Awo dai muke yi, Inno."

"To, Allah ya yi albarka. Kawunka tun jiya yake jiran ka."

Kawu Muhammadu Lawal, yayan Inno, shi ne arɗon rugagen da ke arewa da gari. Ya haura sittin amma har yanzu yana iya wuni a ƙafa bayan garke. Ya rungume ɗan ƙanwarsa, ya gaisa da Manjo hannu bibbiyu, ya ce ba sa buƙatar wani ɗan jagora, shi da kansa zai kai su kowace rijiya. Ya shiga gaban mota, ya sa sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana nuna burtali, yana faɗin wadda ke ƙafewa da wuri da wadda ke kaiwa damina. Inda suka tsaya, Saje Monday, injiniyan tawagar, zai zura igiya mai dalma a baki, ya ƙwanƙwasa bangon rijiya da guduma, ya faɗi lamba. Sama'ilu ya rubuta, ya zagaye wurin da jan fensir. Haka suka yi kwanaki. Abinci ya daina shigar masa, ya ce zafi ne.

Ta ƙarshe ita ce Rijiyar Tsamiya, wadda ke kan iyaka sosai, har in saniya ta sha ta juya, ƙafafunta na baya suna Nijar. A tsakiyar farin nan mutanen ɓangarorin biyu suka taru suka ƙara mata zurfi, aka rasa mutum ɗaya da ƙasa ta rufta wa. Da hantsi suka isa, suka tarar da wurin cike. Shanu sun yi layi a bakin komi, jakuna da tuluna, mata na sayar da nono, wannan ta karɓi kwabo, waccan ta karɓi sefa, kuɗin Nijar. Kawu ya sa an yanka rago saboda baƙi, hayaƙin gashi na tashi a gindin tsamiyar. Inno ta zo, tare da yayarsu Adda Shatu, wadda ta hau jaki daga tsallake don ta ga ɗan ƙanwarta da kaki, ta kuma yi wa sojoji godiya.

Saje Monday ya zura igiyarsa. Rijiyar na da zurfi, igiyar ta yi nauyi, sai Kawu ya naɗe hannun riga ya kama masa. Yana riƙe da ita ya waiwayo wajen Sama'ilu, fuskarsa cike da murna.

"Ka ce da manyanku su kafa injin ta nan gabas, ƙasar ta fi tauri. Kuma a yi komi biyu, ɗaya namu, ɗaya na su Adda, don kada yara su riƙa faɗa."

Sama'ilu ya dubi tsohon, ya dubi fensirin da ke hannunsa. Zai iya yin maganar da Fulatanci, Manjo ba zai ji ba. Ya yi ta da Hausa, da ƙarfi.

"Kawu, saki igiyar nan. Babu wani inji da za a kafa."

"Kyaftin!" in ji Manjo.

Bai waiwaya ba. "Awon da muke yi na nakiya ne. Muna lissafin yadda za a rufta da rijiyar nan, da duk waɗanda ka nuna mana, in wata rana an yi yaƙi da Nijar."

Maganar ta bi layi har ƙarshen komi. Kawu bai saki igiyar ba. Ya janye ta daga hannun Saje, ya jawo ta sama a hankali, ya naɗe ta tsaf kamar igiyar guga, ya taka ya ajiye ta a gaban takalmin Manjo. Sannan ya koma ya zauna a kan bakin rijiyar, ya gicciye sandarsa a cinya.

"Yallaɓai, gaskiya yaron nan ya faɗa?"

Manjo mutum ne da ba ya son ƙarya. Ya cire hularsa. "Baba, ba yaƙi za a yi ba. Shiri ne na ko-ta-kwana, irin wanda kowace ƙasa ke yi. Wataƙila har abada ba za a buɗe takardar ba."

"Amma da hannuna na riƙe muku igiya."

"Ba mu yi niyyar wulaƙanta ka ba."

"Wa za ku yaƙa? Ga Nijar ɗin nan zaune," ya nuna Adda Shatu da sanda. "Ciki ɗaya muka fito. Ɗanta ne ƙasa ta danne a cikin ramin nan. In kuna da nakiya ku kawo ta yanzu, ina zaune."

Inno ce ta yi magana bayan shi, abin da ba ta saba yi a gaban maza ba. Ba ta dubi ɗanta ba, Manjo ta duba. "Ni a can aka yanke mini cibiya. A takardar taku, ta wane ɓangare ce ni?"

"Mama, babu mai taɓa ki."

"A takardar na tambaya."

Sama'ilu ne ya amsa. "A takardar, ke da Kawu za a sa ku a mota a kai ku sansani bayan Roni."

Samarin makiyaya sun fara barin shanunsu suna matsowa, kowa da sanda. Saje Monday ya kai hannu ga bindigar da ke cikin mota. Manjo ya daka masa tsawa ya bari, ya ce kowa ya shiga mota. Suna shirin tashi Kawu ya sa aka naɗe naman ragon a buhu aka ɗora musu a baya.

"Da sunanku aka yanka, ku tafi da abinku," in ji shi. "Ba za a ce baƙo ya zo wurinmu ya koma da yunwa ba. Amma daga nan har Ɓaure, in kun sami wanda zai sake nuna muku ko kududdufi, to, ban haifu ba." Ya juya ga Sama'ilu. "Kai kuma kwana nawa kana kallona ina yi muku jagora?"

Sama'ilu ya juya. Ya shiga mota.

Suka koma Kazaure. Da la'asar Manjo ya kira shi ɗakin taswira, ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba.

"Ka san abin da ka yi? Ranar kasuwa zancen nan yana Magarya. Kafin sati yana Damagaram. Wani hafsa a can zai ji cewa muna auna rijiyoyinsu da nakiya, shi ma ya zauna ya zana nasa shirin, wannan karon da gaske. Abin da kake gudu, kai ka matso da shi kusa."

"Yana yiwuwa, Yallaɓai."

"Yana yiwuwa! Kuma saura kaɗan a zubar da jini a gaban mahaifiyarka."

"Shi ma haka ne."

Manjo ya zauna, ya shafa fuska. "Ka saurara. Zan rubuta cewa suɓutar baki ce, rana ta buge ka. Ka ƙarasa sashen ruwa, ka sa hannu, mu koma. Ba na son in rasa hafsa irinka a kan takardar da ba mai karantawa."

"Zan rubuta na duwatsu da na hanyoyi, Yallaɓai. Zan nuna inda za a tare duk wanda ya shigo, in kuma ranar ta zo ni zan fara tsayawa a wurin. Na rijiyoyi da na kwashe mutane ba zan rubuta ba."

"Oda ce."

"Na ji. Ba zan rubuta ba."

"Takarda ce, Sama'ilu!"

"Kai ka koya mini amfaninta. Ana rubuta ta ne domin wanda bai taɓa ganin wurin ba ya aikata ba tare da ya tsaya tunani ba. Ranar da za a buɗe ta, ba ka nan, ba na nan. Wani ƙaramin hafsa ne da bai san Babura ba zai ga jan fensir da sa hannuna a ƙasa, ya ce ai ɗan garin ne ya tsara. Ya rufta da rijiyoyi cikin bazara. Sojan da ake tsoro yana da tankar ruwa a bayansa. Shanu da mata ne ba su da ita."

"Wannan sai ka rubuta wa Kanar, ta hanyar da doka ta tsara. Ba ka tsaya a bakin rijiya ka yi shela ba."

"Zan rubuta masa. Amma tsohon nan yana riƙe da igiyar, Yallaɓai, yana zaɓa mana inda za mu kafa inji."

Manjo ya miƙe tsaye. Daga nan ya miƙa hannu. "Kawo bindigarka da takardun awo. Kana tsare har mu isa hedikwata."

Sama'ilu ya kwance bel ɗinsa ya ɗora a tebur, ya ɗora takardun a kai, ya sara masa.

A hedikwata an zaunar da kwamiti. Kanar ɗin da ya ƙara sashen yana cikinsu, ya yi ta bugun tebur yana cewa a kai Kyaftin kotun soja. Aka tambayi Sama'ilu ko yana nadama. Ya ce yana nadamar kwanakin da ya yi shiru. Aka sake ba shi dama ya ƙarasa aikin, ya ƙi. Manjo ya ba da shaida ba ragi ba ƙari, ya faɗi laifin, ya kuma faɗi cewa sashen duwatsu da Kyaftin ya rubuta shi ne mafi kyau a duk aikin. A ƙarshe manya suka ga kotu za ta ƙara tona abin da suke son rufewa. Aka hana Sama'ilu ƙarin girma, aka tura shi kula da sito a wani bariki can kudu, inda ya yi ta ƙirga barguna da takalma.

Zancen kuwa ya tsallaka, kamar yadda Manjo ya faɗa. Wani jami'i ya zo daga Magarya yana tambaya, aka yi ta zama ana lallashi, aka ce masa safiyo ne aka yi wa mummunar fahimta. An ɗan tsaurara bincike a iyaka na wasu watanni, masu nono da masu goro suka sha wahala, wasu suka zagi Sama'ilu a kan haka. An sake turo wata tawaga, ta yi ta yawo ba ta sami jagora ba. Duk wanda aka tambaya hanyar rijiya sai ya ce shi baƙo ne. Daga baya aka ji cewa wani hafsa ya cike sashen daga tsohuwar taswirar Turawa yana zaune a ofis. Damina na tsakiya aka yi juyin mulki, aka yi wa Kanar ritaya tare da wasu da yawa, ba wanda ya san inda fayil ɗin ya ƙare.

Sama'ilu ya ƙara shekara uku a sito, ya ga ba za a taɓa ɗaga shi ba, ya ajiye aiki ya dawo Babura. Ya sayi tsohuwar mota yana jigilar shanu zuwa Kano. Kawu ya daɗe ba ya amsa gaisuwarsa sai da kai. Sai ranar sunan Rahamatu, 'yar Sama'ilu, tsohon ya zo da karsana, ya ɗaure ta a ƙofar gida, ya zauna aka ci abinci da shi, bai ta da tsohon zance ba.

Wata ranar kasuwa, ana tsakar loda shanu, wata motar soja ta tsaya a gefen kara. Nicodemus ne ya fito, yanzu Kanar ne, furfura ta fara fito masa. Hanya ce ta biyo da shi, ya tambayi inda zai sami Kyaftin. Suka gaisa sosai, Sama'ilu ya sa aka kawo masa benci da tsire. Suka yi hirar waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi ritaya.

Da zai tafi ya tsaya riƙe da ƙofar mota. "Har gobe ina ganin ka yi kuskure. Yanzu ni ke koyar da darasin nan, kuma ina gaya wa yara dole a yi shiri a kan kowa."

"A yi, Yallaɓai. Ban taɓa cewa kada a yi ba."

"Da ka haƙura, da yanzu kana kusa da ni a muƙami."

"Da za a maimaita, a Kazaure zan ƙi, tun ranar da ka shimfiɗa taswirar."

Kanar ya girgiza kai, ya yi ɗan murmushi, ya shiga mota. Wani bajimi ya turje a bakin katakon hawa, masu lodi na ta ihu. Sama'ilu ya tattare rigarsa, ya je ya kama wutsiyar.